Sunan da Ke Farkon Layi

Shekarar da aka tura ni wata firamare a ƙauyukan Birchi, aji uku aka ba ni. Kullum da safe nake hawa mota daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Ina da saurin fushi, ban taɓa ɓoye wa kowa ba, ga shi a lokacin ina ji da kaina, sabuwar malama.

Tsarin zaman ajin ni na ƙirƙiro abina. Wanda ya iya karatu bencin gaba, mai lalube tsakiya, wanda bai iya ba ya koma kan tabarma a baya. A ganina adalci ke nan, kowa ya girbi abin da ya shuka.

A kan tabarmar nan akwai wata yarinya Bafillatana, ita kaɗai ke zuwa daga rugarsu. Ba ta makara, ba ta surutu. Duk Alhamis nake gwajin karatu, in rubuta jimla a allo, kowa ya fito ya karanta. Jimlolina kuwa duk da suna ɗaya suke farawa, sunan namiji, irin wanda kowace unguwa akwai shi birjik. Wane ya tafi gona. Wane ya sayi akuya. Bakina ne kawai ya saba da shi.

In ta fito sai ta kalli allo, ta sunkuyar da kai.

"Karanta mana!"

Shiru.

"To, kalmar farko kaɗai!"

Shiru. 'Yan aji su kwashe da dariya, suna cewa ta baro kanta a ƙwaryar nono, ni kuma ban hana su ba. Wata rana har na ce mata, "Ke dai shanunku sun fi ki jin kira." Allah Ya yafe mini.

Da zango ya zo ƙarshe, hedimasta ya ce duk wanda bai iya karatu ba zai maimaita aji. Innar yarinyar ta aiko cewa in dai maimaitawa ce, gara ta zauna gida ta taya ta tallan nono. Saura mako biyu a yi gwajin ƙarshe.

Ranar kasuwar Kurfi na tsaya shan fura wurin matan ruga, ashe gaban innarta na zauna, yarinyar ce ma ta dama mini. Wata babbar mota ta tsaya kusa da mu. Sai na ji ta ƙasa-ƙasa tana karanta wa innar rubutun da ke bayan motar: "Sannu ba ta hana zuwa." Tiryan-tiryan, babu gargada. Raina ya ɓaci.

"Au! Dama kin iya kike raina mini hankali?"

Innar ta ce, "Malama, mi ta yi?"

Na zayyana mata komai, har na faɗi jimlar makon jiya. Ina ambaton sunan nan, matar ta ja mayafi ta rufe baki, ta kau da kai. Wata tsohuwa da ke gefe ta yi dariya.

"Haba Malama! Ai sunan ubanta ke nan. Ɗiyar Fulani ta buɗe baki ta kira sunan ubanta a gaban jama'a? Ko yanka ta za ki yi."

A rajista laƙabinsa aka rubuta, ban taɓa sanin sunansa na yanka ba. Amma ban ba kaina wannan uzurin ba. Ni da tun aurena ban taɓa kiran sunan maigidana ba, Malam nake cewa, ko a asibiti aka tambaye ni sai dai in rubuta a takarda. Abin da nake kira tarbiyya a wurina, shi na kira daƙiƙanci a wurinta. Kunya ta kama ni, furar ma ta ƙi shayuwa.

Litinin na naɗe tabarmar na jingine a lungu. Muka matsa, huɗu-huɗu a benci, mai karatu kusa da mai lalube. 'Yan gaba suka yi ta ƙunƙuni, na ce duk wanda bai so ba ga tabarma can, babu wanda ya motsa.

Ranar gwaji hedimasta ya shigo ya zauna. Na rubuta: Saniya ta sha ruwa a rafi. Ta karanta. Na ƙara wata, ta karanta. Na miƙa mata littafi, ta cinye shafi guda. Hedimasta ya ce ta wuce aji huɗu.

Da aka tashi na tsayar da ita a bakin ƙofa.

"'Yata, me ya hana ki gaya mini tuntuni?"

Ta murza bakin hijabinta.

"Ba ki tambaye ni ba, Malama. Karanta kawai kike cewa."