Ƙwaron Gindin Randar Kaka Tumba

Shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ce mun zama 'yan Jihar Kebbi, albasa ta yi wa babanmu rana. Ya yi ta lodi daga Aliero zuwa kudu har ya gina gida a Jega, ya ware wa mahaifiyarsa, Kaka Tumba, ɗaki guda mai kwano da daɓen siminti. Ya aika mata ƙauyenta, Gehuru, cewa ta shirya, ana gama sanyi za ta tare.

Kaka ko kusa ba ta so, amma ta ina za ta faɗa? Baba ɗan farinta ne. Ba ta kama sunansa, ba ta kallon idonsa, in ya gaishe ta bango take amsa wa. Duk mun san zaman Kaka a Gehuru ya kusa ƙarewa, ni kuwa abin ya dame ni ƙwarai, don a can kaɗai ake barina in ci gyaɗa har cikina ya ɓaci.

Wata Juma'a Baba ya kai mu can ni da ƙanwata Hassi. Bayan magariba Kaka ta hura wutar karan dawa a tsakar gida, muka kewaye ta, Baba ya zauna can nesa bakin rumbu yana murɗa rediyo. Maimakon ta fara tatsuniya, sai ta ce in ɗauko fitila mu je ɗakinta, ta sa muka ɗan karkata randar da ke zaune bisa jiƙaƙƙen rairayi. Wasu ƙwari masu ruwan toka, masu ƙafafu birjik, suka watse. Hassi ta taɓa ɗaya ya dunƙule kamar ƙwayar wake, ta kurma ihu ta taka mini ƙafa.

Kaka ta ce ba sa cizo, ruɓaɓɓen ganye kawai suke ci, kuma in babu laima da duhu ba su da rai. Ta bi mu da tambaya: ina kunama ke kwana, ina gidan tururuwa, me ya sa kwaɗo ba ya nisa da rijiya? Da na ce kwaɗo wanki yake yi, ta ce ai da ma ba don basira ta aure ni ba.

Da muka koma bakin wuta ta ɗaga murya fiye da kullum. “Ga ta tahe, mai kunne shi saurara, har da na nesa.”

Wai wata tsohuwar ƙwaruwa ce a gindin randa, tana da ɗa mai kirki. Ɗan ya hau katanga, ya yi abota da Ƙadangare, ya yi arziki. Ya duba ya ga uwarsa cikin duhu da danshi, kunya ta kama shi, kada a ce ya samu ya bar ta. Sai ya gina mata gida a bisa kwano, inda kowa zai gani, ya goya ta ya kai. Da hantsi tsohuwa ta fara bushewa, da azahar ta dunƙule. Ɗan yana ta nuna wa baƙi wai daɗi ne ya sa ta barci. Can sai ga Kaza ta yi tsalle ta hau, ta ga wake a banza.

“Wanga ɗa wawa ne,” in ji Hassi. “Don mi bai tambaye ta ba? Kaka, shi ma albasa shika saidawa?”

Rediyon Baba ya mutu nan take. Kaka ta sunkuya tana tona gyaɗa cikin toka, tana danne dariya. Muka matsa mata ko Kaza ta cinye tsohuwar, ta ce ita ma ba ta sani ba tukuna, sai an gama sanyi.

Da safe Baba ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, ya shaida wa bango cewa ya sake lissafi: ɗakin Jega ya fi dacewa da ajiyar buhuna. Kaka ta amsa wa bangon da “Allah shi yi albarka.” A Gehuru ta ƙare kwanakinta, tana faɗa da awakinta.

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin wayon tsohuwa, ina ba da shi ana dariya. Sai da na girma na fara yi wa mutane alherin da ba su roƙa ba, ina jin haushi in ba su gode ba, sannan na lura cewa ɗan cikin tatsuniyar ba mugu ba ne ko kaɗan. Yana son uwarsa da gaske. Tambaya ɗaya ce bai yi ba, kuma 'yar shekara biyar ce ta gano ta.