Direban Ƙugiya da Ya Sauko da Ƙafarsa

Kafin leburori su gama sauya kaya, Baba Sannu ya riga ya zagaya motar ƙugiyarsa mai ɗaga kayan gini sama. Zai bi igiyar ƙarfen da tsumma a hannu, in akwai silin da ya tsinke, tsumman zai maƙale. Zai duba katakan da ƙafafun motar suka taka, ya ɗaga kai ya kalli ƙyallen da ya ɗaura a can sama don ya san inda iska ta dosa. Sannan ya hau, ya goge gilashi, ya zauna. Haka yake tun gashinsa na baƙi. Sunan ma 'yan aiki ne suka laƙaba masa, don ba a taɓa ganin ya ɗaga kaya da garaje ba, ko da shugaban aiki zai duba agogo har wuyansa ya ƙage.

Mu masu shiga gidan da aka gama ba ruwanmu da yadda bango ya zo wurinsa. Kaya iri biyu kamfanin ke kawo masa. Akwai zubabbe: kankare ne da ake zubawa a mazubi can wani fili, da rodi a ciki, a yi ta ba shi ruwa har ya ƙosa, sannan a ɗoro shi a tirela, ginshiƙi ne ko matakala. Akwai kuma haɗaɗɗe: bango ko ɗaki sukutum da aka harhaɗa a masana'anta da ƙarfe da katako, har da taga da wayar wuta, sai dai a zo a ɗaure noti. Injiniyoyi na cewa zubabben ma ɗan gidan haɗaɗɗe ne, tunda duk ba a wurin ginin aka yi su ba. Baba Sannu bai musa ba, shi dai a hannu yake jin bambancin.

"Zubabbe nauyi gare shi, amma ba ya ƙarya," in ji shi. "Inda ka nufa da shi nan zai je, sai dai in ya sauka a kan abu, an gama magana. Haɗaɗɗe kuwa ba nauyi, sai rawar kai. Iska kaɗan ta taso ka ga bango yana juyi kamar faifai."

Wani mai walda da suke aiki tare ya ba ni labarin ranar da hadari ya taso ba zato, ga bango mai taga yana lilo a sama, kowa na ihu da tasa shawarar. Baba Sannu bai saurari kowa ba. Ya bi iskar a hankali har ya kwantar da bangon a kan yashi, ko gilashin tagar bai tsage ba. Da ya sauko, ruwan sha kawai ya nema.

Direban ƙugiya ba shi kaɗai yake aiki ba. Dole akwai mai tsayawa kusa da inda kaya za su sauka yana ba shi hannu: ɗaga, sauke, tsaya. Nasa mai ba da hannun Dogo ne, ƙanin matarsa, mutumin da bakinsa ba ya hutawa.

"Yaya, ka sako mini wannan a ka, ka ga mai ba ka abinci a gida."

"Kai da wannan kan naka? Ai kankaren nake tausaya wa."

An daɗe Baba Sannu yana zargin gilashin motar da dusashewa. Ya goge, ya sa an wanke, har ya nemi a canza. Ranar da abin ya fito fili kuwa rana ce tarwai, ba hazo ba iska. Zubabbiyar matakala yake saukarwa tsakanin bango biyu, Dogo na ciki. Ya ga hannun Dogo a sama, amma ya kasa tantancewa ko tafin a buɗe yake, wato tsaya, ko yatsa ne ke juyawa, wato sauke. Ya tsayar da matakalar cak, ya danna ham, ya sa mai walda ya zo gindin motar yana faɗa masa da baki, har kayan suka zauna daidai.

Ba abin da ya faru. Sauke Dogo yake cewa, kuma da ya yi cinke da ya dace. Ba wanda zai taɓa sani. Ga autarsa tana makaranta, ga shi ba wata sana'ar gare shi ba. Duk da haka ya kashe injin, ya sauko, ya miƙa wa shugaban aiki makulli.

"Haba Baba, ka ƙarasa mana wannan ginin mana."

"Ranka ya daɗe, ban ga hannun yaron nan ba. Yau na tsaya, gobe zan iya cewa bari in gwada."

Likita ya tabbatar daga baya cewa idon ba zai koma kamar da ba.

Baba Sannu, kai ne ka ɗaga rabin unguwa sama ba ka taɓa zubar da jinin kowa ba. Kai ne ka bar kujera alhali ba wanda ya ce ka tashi, abin da ya gagari mutane da yawa da suka fi ka albashi. Sannu ba ta hana zuwa, ga shi ka zo. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya buɗa maka wata hanyar.

Duk mai riƙe da abin da zai iya faɗowa a kan wani, sitiyari ne ko allura, ya tambayi kansa ko har yanzu yana ganin hannun da ake ɗaga masa.

Yanzu da la'asar za ka tarar da shi a benci a ƙofar gida, yana kallon ganyen bishiya yana cewa yau ba ranar ɗaga haɗaɗɗe ba ce. Can sai ga Dogo ya dawo daga aiki da ƙura har gira, ya wuce ciki ba sallamar kirki.

"Ga ɗan'uwanki nan ya zo cinye mana abinci," in ji Baba Sannu, yana ɗaga wa matarsa murya.

Ita kuwa sai ta kalli ƙanin nata yana shigowa da ƙafafunsa biyu, ta ƙara masa cokali guda.