Randar Sadakar Yelwa

Ranar da Yelwa ta binne ɗanta na biyu, hadari ya haɗo ta gabas, ya yi ta rugugi, ya watse ko ɗigo bai zubar ba. Zafi kamar bakin maƙera.

Bayan yunwar Kakalaba ne. Magina tukwane na Ɗanzomo sun watse neman abinci, randa ta yi wuya. Sai Barau maƙerin fari ya ɓullo da dabara: randar da ta tsage, ya narka dalma ya liƙe ta daga ciki. Har guntu yake jefawa a gindinta, wai ruwa ya fi sanyi.

Yelwa mai ƙosai ce, ba ta da yawan magana. Yaranta duka biyu ciwo ɗaya ya ɗauke su: murɗar ciki, dasashi ya yi baƙi, sai suma. Aka ce iska ne. Ita kuwa ta lura gidan da babu liƙin Barau, yara lafiya lau. Ta raba 'yan tsakinta, wasu ruwan randarta mai liƙin Barau, wasu na ƙwarya daga rijiya. Kafin kaka na randa suka yi ta tangaɗi suna mutuwa.

Ta sami Barau a maƙera, ta faɗa masa dalmarsa ce ke kashe yara. Ya yi dariya.

"Yelwa, ƙosai ya daina ciniki ne kika koma bokanci?"

"Allah ya kai mu, Sarkin liƙi."

Ba ta fasa randar ba. Ta jira bazara. Ran kasuwa ta ɗauko ta, ta girke a inuwar ƙofar maƙerarsa, ta cika, ta ɗora moɗa. Ta ce sadaka ce don 'ya'yanta. Wa zai kori ruwan sadaka? Ta zauna a gefe. Baƙo in ya miƙa hannu sai ta ce, "Dakata, baba, masu gida tukuna."

Da azahar Zinariya, 'yar Barau mai tsohon ciki, ta kawo masa fura. Ta sa moɗa ta ɗebo. Yelwa tana kallo. Moɗar ta kusa baki Barau ya yi tsalle ya kaɓar da ita.

"Kada ki sha! Ba wannan ba!"

'Yan kasuwa suka juyo.

"Ashe ka sani," in ji Yelwa. "Me ya sami ruwan, Barau? Faɗa musu. Da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi."

Yammacin nan mata suka yi ta fito da randuna suna fasawa a ƙofarsa. Kafin damina ya kwashe iyalinsa ya yi Damagaram.

An ce wa Yelwa ta yafe masa, ta ce ba ta ga ranar ba. Ta shekara da shekaru tana bin gidaje har Sule Tankarkar, tana zura hannu cikin randa tana laluben dalma.

Yanzu Yelwa tana Gagarawa wajen ƙanenta Mati. Ta tsufa, idonta ya tafi, ta daina ƙosai.