Ɗibar Wuta a Gidan Hajja Zainaba

Tun safiyar Juma'a hankalina bai kwanta ba. An ba yara hutun sanyi, jikoki sun cika mini gida a unguwar Hajj Yusuf, kowa ya ƙudundune cikin bargo da waya a hannu. Shayi ma a tsaye na sha. Mai suyar fanken zalabiya ta kafa kaskonta a bakin titi, masu raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, sun naɗe kunnuwa da rawani, mai jakin ruwa ya wuce yana hura hannu. Duk na gani. Abin da ban gani ba shi ne hayaƙin maƙwabciyata Hajja Zainaba, wadda ke zaune ita kaɗai tun da 'ya'yanta suka tafi neman aiki. Kullum kafin rana ta hau katanga ƙamshin gahawarta ya tsallako mana. Ran nan kuwa sai tari.

Zainaba ba a shiga mata da sunan dubiya. Wata ta taɓa kai mata tuwo, ta mayar da kwanon a rufe, ta ce ita ba abar sadaka ba ce. Na leƙa titi, na dawo, na share inda na riga na share, na yi wa yara faɗa a kan takalma. Har magariba ƙofar nan ba ta motsa ba. Ina hura gawayi a kanun, ɗan murhunmu na gawayi, don yara su ji ɗumi, sai kakata ta faɗo mini a rai.

Muna ƙanana a Omdurman, in sanyi ya shigo, Kaka takan jawo kanun tsakanin ƙafafunta ta binne mana gyaɗa a toka, da hannayen nan nata da tsinkar auduga a gonakin Jazira ta busar. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya naɗe ƙafa.

"Ga wata nan ta iso ƙofa. A buɗe mata?"

Mu ce, "A buɗe, Kaka!"

Wai an yi wata mace gwanar rufe wuta da toka, garwashinta bai taɓa mutuwa ba. Matan gari kowace safiya suna yawo da tsingaro gida-gida suna ɗibar wuta. Ita ba ta roƙo, ba ta bayarwa, har ciyawa ta rufe hanyar gidanta. Rannan zazzaɓi ya kwantar da ita. Kura ta zagayo gari tana shinshina ƙofofi. Inda ta ga sawun mutane sai ta wuce. Da ta zo ƙofar matar nan, ba sawu ko ɗaya.

"Sai me, Kaka?"

"Sai me kuwa? Ta shiga mana. Ke Ladi, rufe bakinki kada toka ta faɗa."

Na ce ai matar ce ta jawo wa kanta. Kaka ta harare ni. "Su matan garin ƙafafunsu karyewa suka yi? Kina tsammanin duk mai zuwa ɗibar wuta tata ce ta mutu?"

Ban gane ba. Na girma ina ɗauka tatsuniyar marowaciya ce.

Asabar da safe na ɗauki tsohon faranti. Jikata Salma ta ɗago kai. Haboba suke ce wa kaka a nan. "Haboba, ga gas, ga ashana, ina za ki?"

"Kula da wayarki."

Na buga ƙofar. "Hajja Zainaba, wutata ta mutu, a san mini garwashi."

Ta daɗe kafin ta buɗe, tana dafe da bango, ido jawur. Kanun ɗinta sanyi ƙalau.

"Ladi, ni ma ban hura ba."

"To ni dai ba zan koma hannu wofi ba. Zauna in hura, in ɗebi rabona."

Tunda wuta ta kama, na dama kunu da citta. Na tsaya kanta har ta shanye. Ta goge baki ta dube ni.

"Ke da hayaƙinki ke tashi tun asuba, wutar taki ce ta mutu?"

"Ta mutu."

"Allah ya shirye ki. To in ta sake mutuwa gobe, ki zo da wuri. Ki ƙaro citta."

Na fito da garwashin da ba ni da buƙatarsa. Sai da furfura ta cika mini kai na gane abin da Kaka ke nufi: akwai mutumin da ba ka isa ka ba shi ba sai ka je masa da roƙo. Na waiwaya na dubi ƙofar Zainaba. Ga sawun takalmina a ƙasa, na shiga da na fita.