Shaidar da Maigidana Ya Bayar a Coci

Lokacin da muka yi aure, ɗaki ɗaya muke haya a Samaru, a wani gida da ɗaliban jami'a suka cika. Ni ina koyarwa a firamare, maigidana kuwa kullum sai ya hau bas zuwa Sabon Gari, inda yake tsaron shagon wani dattijo Inyamiri mai sayar da kayan wuta: waya, soket, ƙwan lantarki da sauransu. Baba muke ce masa. A Zariya aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi, ni da na zo daga kudancin Kaduna. Shi ya koya wa mijina sana'a, shi ya kai mu cocinsu, kuma ranar aurenmu shi ya tsaya a matsayin uba, domin surukina ya riga ya rasu.

Da lokaci ya yi, Baba ya sallame shi, ya kama masa ɗan shago, ya zuba masa kaya. Sai ga zamanin sola ya shigo. Mijina yana da kai, wannan ba zan ɓoye ba. Tun mutane suna ganin abin kamar wasa ya fara kawo batura da farantan sola, malaman jami'a suka yi ta kiransa, wannan ya gaya wa wancan. Kafin mu ankara mun gina gida a Palladan, ya buɗe babban shago mai ƙofar gilashi, da ofis a sama.

Ban san ranar da ya fara canjawa ba. A da shi ne kan gaba wajen sharar coci ranar Asabar, daga baya sai ya riƙa tura ma'aikatansa. Addu'arsa a kan abinci ma ta sauya. A da roƙon jinƙai yake yi, sai ta koma lissafin abubuwan da ya samu, har tuwo ya huce.

Ana cikin haka gobara ta cinye shagon Baba. Ga tsufa, ga ciwon yana ya fara rufe masa ido ɗaya. Wata rana na kai wa maigida abinci shago, sai na tarar da Baba zaune a benci a ƙasa, cikin masu jiran a gwada musu batir. Na durƙusa na gaishe shi, na hau sama da sauri.

"Baban yara, ka san Baba yana ƙasa?"

"Na sani," ya ce, idonsa a kan waya. "Ina zuwa."

Sai da aka kira la'asar a masallacin bayan layi ya sauko. Baba ya miƙe masa tsaye, abin da ban taɓa gani ba.

"Ɗana, ba roƙo na zo ba," in ji Baba. "Kujera nake so a bayan kanta. Zaman gida zai kashe ni. Har yanzu akwai masu sayen kaya saboda fuskata."

"Baba, kasuwar yanzu ba irin taku ba ce. Komai da kwamfuta ake yi. Amma zan duba."

Ya ce direba ya kai shi gida. Baba ya yi godiya, ya ce zai hau keke.

Lahadin da ta biyo baya ita ce ta godiyar girbi. Coci ya cika maƙil. Ina zaune cikin zumuntar mata, kusa da matar Baba, zanenmu iri ɗaya. Da aka zo lokacin shaida, mijina ya fita cikin farar shadda, ya karɓi makirufo. Ya fara da kyau, ya ba da labarin ɗakinmu na Samaru mai yoyo. Sai muryarsa ta ɗaga.

"Ku ga abin da Ubangiji yake yi! Waɗanda nake wanke wa mota jiya, yau su ke zaman jira a ƙofar ofishina. Ku ce Halleluya!"

Coci ya ɗauka gaba ɗaya, aka buga ganga, mata suka yi guɗa. Matar Baba ta sunkuyar da kai, ta kama bakin zanenta tana murzawa. Can a ɓangaren maza na hango Baba yana laluben hularsa a ƙarƙashin benci. Ƙofar gefe a rufe take, don haka ta tsakiyar coci ya bi, a hankali, ana ta tafi, har ya fita.

A mota na kasa haƙuri.

"Me Baba ya yi maka?"

"Na ambaci sunan wani? Ko ƙarya na yi? Allah nake ɗaukakawa."

"Allah, ko kanka?"

Ya taka birki a gefen titi, ya juyo. "Motar nan da kike ciki, tawali'u ne ya saye ta? Lokacin da nake ɗaukar batir a ka, wa ya tausaya mini?"

Ina son motar, ina son gidan, ina son makarantar da yaranmu suke zuwa. Ya tayar da mota, muka wuce gida.

Na je na sami fasto. Ya saurare ni, ya yi ajiyar zuciya, ya ce zai yi addu'a a kai. Fankar da take juyawa a samanmu da solar mijina take aiki. Mako na gaba ya yi wa'azi mai zafi a kan girman kai, bai dubi kowa ba. Mijina yana layin gaba yana gyaɗa kai, amin ɗinsa ya fi na kowa ƙarfi.

Baba bai sake zuwa coci ba. Da na je gidansu a Muchia, na tarar Mama, matarsa, tana ɗaure tukwane cikin buhu. Za su koma ƙauyensu a gabas, inda shi Baba bai sani ba sai a lokacin Kirsimeti.

"'Yata, ba zaman benci ne ya dame ni ba," ya ce. "Ni ma na sa shi jira a zamanina, har na zage shi a gaban mutane. Tafin nan ne. Mutanen da muka tsufa tare muna cin Jibin Ubangiji." Ya goge idonsa mai ciwo. "Kin san me na roƙa a hanya? Na ce Allah ya nuna mini ranar faɗuwarsa. Yaron da na aurar. Tun ranar nake neman gafara, har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba."

Na gaya wa mijina duk abin da ya faɗa, ban rage ba. Ranar bai ci abinci ba. Ranar tafiyarsu ya shirya da wuri, ya ɗauki makulli, ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Na ɗauka zai tafi. Sai ya dawo ya zauna, ya kira direba, ya ce ya kai buhun shinkafa tasha.

Yanzu mijina dattijon ikilisiya ne a cocinmu. Yana biya wa marayu makaranta, kuma da gaske yake yi, na shaida. Kasuwarsa ba ta faɗi ba. Ba mu taɓa sake maganar ba, amma in ya tashi yin addu'a a gaban jama'a, ni ba na iya rufe ido.

Direban kuwa, ranar nan, ya tarar motar su Baba ta riga ta tashi. Ya dawo da buhun, aka jingine shi a kicin. Mu muka ci shinkafar, ni na dafa ta.