Ranar da Njidda Ya Fita Neman Gafara

Shekara ashirin da shida, kullum kafin ta hau taksi zuwa asibitin da take jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa, Adda Aisatu sai ta leƙa gida uku ko huɗu a unguwarmu Briketeri. Ba wanda ya sa ta. Takan duba ƙwayoyin da suka rage a kwali, ta tambayi wa ya yi barci, wa ya ci abinci, ta ga abin da aka bari kusa da marar lafiya. Mata na yi mata tsiya wai ta fi ɗan sanda bincike. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, idanunta sun gaza, kuma har yau ba mu ji wanda zai gaje ta ba. Abin yana ci mini rai.

Yayana Njidda mai tsire ne. Bayan rasuwar matarsa ya yi wata biyar a ɗaki, ba zuwa Etudi sayen nama, ba magana. Wata Laraba da safe ya tashi, ya yi wanka, ya sa farar riga, ya bi gida gida yana neman gafara. Har Nkomkana ya je, wurin wani da suka daɗe ba sa gaisawa. Muka yi ta hamdala. Ni har kaza na sa aka yanka.

Da Adda ta shigo na yi mata albishir, sai fuskarta ta sauya. Ta ce, "Hajji za shi?" Na ce a'a. Ta shiga wurinsa, ina bakin ƙofa na ji ta ce, "Malam Njidda, kana tunanin kashe kanka?"

Na faɗa ɗakin ina ihu: "Musulmi za ki yi wa wannan magana? Fita mana daga gida!" Ko kallona ba ta yi ba. Sai yayana ya ce a hankali, "Na gama shiri, Adda. Juma'a nake jira."

Ranar ba ta tafi ita kaɗai ba. Ta sa maƙwabcinmu Mohaman Bello ya kwashe wuƙaƙen sana'a, ta damƙa mini magungunan da ke ɗakinsa, ta ce masa, "Tashi, lopital za mu yanzu, likita ya gan ka." Da aka sallamo shi ta raba mana kwana kwana, kada a bar shi shi kaɗai.

Daga baya ta gaya mini inda ta koya. A farkon aikinta wata marar lafiya, Mu'mina, ta zo mata da fara'a tana neman gafara. Ta ce na yafe, ta rubuta cewa an samu sauƙi. Bayan kwana biyu aka yi jana'izarta. Har yau ba ta iya faɗin sunan ba tare da hawaye ba.

Adda, ke ce kika ɗauki wannan baƙin ciki ke kaɗai, kika tsare gidajenmu da shi. Ke ce mai tambayar da kowa ke jin nauyinta, a zage ki, gobe ki dawo.

Jama'a, wanda nasa ya daɗe cikin ƙunci, kwatsam ya washe ya zo neman gafara ba tafiya a gabansa, kada ya yi saurin murna. Ku zaunar da shi ku tambaye shi da bakinku, ku kai shi asibiti.

Njidda bai warke duka ba, akwai ranakun da ba ya iya hura wutar tsire. Amma na gode, Adda. Juma'ar ta zo ta wuce, bana shekara tara ke nan, yayana yana nan.