Mai Kifi a Gaban Bel Biyu

Ina tsoma burodi a shayi, kamar kowace safiya, a kan bencin shagon Tasi'u mai kayan gyaran mota, sai ga wani mutum. Dogo ne, ƙafar wandonsa a naɗe, busasshiyar laka har idon sawu. A hannunsa akwai tsinkakken bel na injin. Ta ƙofa ina hango a-kori-kurarsa da aka turo, bayanta cike da kwandunan ɗanyen kifi daga Guri, ruwa yana ɗiga a ƙasa. Rana kuwa tana hawa.

Tasi'u ya ajiye masa bel biyu a kan kantar shagon. "Wannan orijinal, wannan ɗan China, rabin kuɗi."

Mutumin ya ce, "Mene ne bambancinsu, Alhaji?"

"Duka suna kai mutum. Ɗaya ne kawai yake dawo da shi."

Mutumin bai yi dariya ba. Yana ɗaga kowanne yana sansanawa, yana danna shi da farce, yana juya cikinsa a hankali, daidai yadda ake duba tarwaɗa ko ta kwana. Ina jin bai taɓa yarda da rubutun kwali ba. Hancinsa ne ya ciyar da gidansa shekara da shekaru, yau kuma hancin ya yi shiru, domin roba duk warinta ɗaya.

Ya dubi tsinkakken da ke hannunsa. "Wannan ma rabin kuɗi ne. Ya kawo ni rabin hanya."

Ya rataya orijinal ɗin a wuya, ya biya ba ciniki, ya sunkuya ya fita.